Shekarar Da Na Gasa Buji A Hanyar Bazaga

Tun kuna ƙanana nake jin kuna gaya wa baƙi cewa ni na kashe motar babanku. Kuna faɗa kuna dariya, ni ma ina taya ku, domin a lokacin ba ni da sararin zama in warware muku. Yanzu har jikoki sun ɗauka. Ran sallar da ta wuce na ji ɗiyar Balki tana ba ƙawarta labari wai kakarta ta taɓa dafa ƙarfe a murhu. To, ga shi ƙafa ta zaunar da ni. Babanku ya riga mu gidan gaskiya, mahaifiyarsa Inna Kulu, wadda ta fara wannan magana, ita ma ta tafi, Allah ya jiƙansu. Cikin waɗanda suka ga abin da idonsu ni kaɗai na rage, sai taubashina Arzika, shi kuwa kunnensa ya mutu, kuma ko da yana ji ba zai faɗi nasa ɓangaren daidai ba. Saboda haka ku saurara. Motar ta mutu, kuma da bakina a ciki, wannan gaskiya ne. Amma ban taɓa jin kunyar wannan rana ba, kuma ina so ku san dalili.

Motar ba sabuwa ba ce ko a ranar da ya shigo da ita Konni. Tsohuwar bashe ce mai tanti a baya, wadda wani ɗan kasuwa ya gaji da ita ya sakar masa. Da ita yake jigilar mutane da kaya zuwa Tsarnawa da Malbaza, ran kasuwa kuma ya wuce Badaguishiri ya dawo da albasa. Jikinta garau yake, don kullum yana cikin goge ta, amma injinta ya tsufa. Shi ya yi mini bayani, cewa inji ɗaki huɗu ne, kowane ɗaki da bujinsa, abin da mutanen ƙetaren iyaka ke kira fulogi. Buji ɗan abu ne kamar babban yatsa, ƙasansa ƙarfe, samansa farin tangaran, shi ke ƙyasta wutar da ke cin isansi, wato fetur. In inji ya tsufa, zoben da ke tare baƙin mai sai ya saki, man ya riƙa haurowa yana jiƙa bakin buji. Da ya jiƙe ba ya ƙyastawa, sai ka ji mota tana ɗingishi, jikinta na rawa, tana zuba shuɗin hayaƙi. A motarmu ɗaki na uku shi ne mai laifi. Sauran ukun sukan yi kwanaki lafiya, shi kuwa da wuya ya kai Malbaza bai jiƙe ba.

Direbobin tasha suna da nasu maganin. Su kwance buji, su zuba masa isansi a ƙasa, su ƙyasta ashana. Wuta ta tashi fuu, ta mutu, bujin ya yi baƙi ƙirin, ya yi aikin rabin yini ya sake jiƙewa. Wata rana da yamma babanku ya dawo ransa a ɓace, ya zubar da su kusa da murhuna yana ta mita. Ni kuwa kun sani mahaifiyata maginar tukwane ce, a gindin wutar gashi na girma. Na ɗauki ɗaya na juya shi a hannu, na ce ya bar mini shi zuwa safe.

Ya ce, "Ke Dije, wanga hwa ba tukunyar gidanku ba ta."

Na ce, "Samanai yumɓu na, Malam. Duk abin da anka gasa na san halinai."

Da na sauke tuwo sai na ja garwashi gefe, na cusa bakin bujin kaɗai a ciki, na bar tangaran a waje. Ya yi ta hayaƙi mai wari, na ƙyale shi har hayaƙin ya ɗauke, bakin ya koma launin toka. Ban bar iska ta buge shi ba, na binne shi cikin toka mai ɗumi yadda muke yi wa sabuwar tukunya, ya huce a hankali. Da safe na ƙanƙare cikinsa da allura, na hure. Ran nan babanku ya je Badaguishiri ya dawo bai buɗe gaban mota ba. Bai yaba mini da baki ba, kun san halinsa, amma ya shigo da ƙullin tsire ya ajiye a kan gadona ya fita yana tari. Daga ranar buji ya zama aikina kamar daka da shara. Shi ke da kunne, yana jin ɗakin da ya yi shiru tun kafin fasinja su lura. Ni ke da wuta.

Wutar nan tawa ba buji kaɗai take ci da ita ba. Inna Kulu tana da nata ɗan murhu a ƙofar ɗakinta, inda take dama kunun safe, don ta ce kunun kowa bai yi mata ba. Ba ta hura wuta da kanta. Kullum bayan sallar asuba sai ta taho da ɗan kaskonta, ta tsaya a kaina, in zuba mata garwashi. A nan muke gaisawa, a nan take gaya mini mafarkin da ta yi, da wanda ya haihu, da wanda ya kamata a je wa gaisuwa. Mace ce mai kaifin baki, amma ta riƙe ni da kyau, kuma ina son ta.

Sai farin nan ya zo, wanda kuka sha ji. Mu a Konni mun ji jiki, amma muna da mota, ba mu kwana da yunwa ba. Ƙauyenmu da ke can gaba da Bazaga shi ne ya gamu da abin. Damina biyu ba a cika rumbu ba. Suka ci abin da ke rumbu, suka ci dusa, suka shiga daji neman 'ya'yan anza masu ɗaci, daga ƙarshe suka ci irin shuka. Jakuna suka mutu, waɗanda suka rage ba sa iya ɗaukar ko tulu. Da bazara ta matso, mutanen ƙauyen suka haɗa abin da ya rage musu, zobba da tabarmi da fatun dabbobin da suka mutu, ni ma na sauke tasoshin jerena na ƙara. Babanku ya ƙetara iyaka ya samo buhunan hatsi mai saurin nuna, muka jibge su a ɗakina. Mahaifina ya tako da ƙafa don ya gani. Na kusa kasa gane shi, wuyansa ya zama kamar kara. Ya leƙa ɗakin, ya ga buhunan, sai ya kau da fuska. Babanku ya ce gobe zai kai su.

Baba ya ce, "A'a. Ku aje shi nan. In kunka kai shi yanzu, wallahi cinye shi za mu yi, ni ma da bakina ciki. Ran da ruwan shuka yas sauka, ran nan za ku kawo. Dije, amana ta na ba ki, ke da mijinki."

Muka ce mun karɓa. Ya ci tuwo kaɗan, ya ƙulle saura a bakin rigarsa don jikokinsa, ya koma.

Kafin ruwa ya zo injin ya ƙara lalacewa. Baƙin mai yake sha kamar ruwa, na uku kuwa tun kafin Tsarnawa yake jiƙewa. Makanikin tasha ya saurare shi, ya ce sai an buɗe an sa sabon zobe. Aka aika Sakkwato, aka ce wata babbar mota za ta taho da shi nan da mako. Ya ja wa babanku kunne cewa kafin nan kada ya sauka daga babbar hanya, in ya shiga rairayi da kaya injin bugawa zai yi, kuma in ya buga sai dai a sayar da ƙarfe.

Zoben bai iso ba Arzika ya iso. Ɗan kawuna ne, maƙerin ƙauyenmu, shi kaɗai ƙafarsa ta rage da ƙarfin doguwar tafiya. Da hantsi ya faɗo gidan, taɓo har gwiwa, ko sallama bai gama ba.

Ya ce, "An yi ruwa! Jiya da marece, awa da bakin ƙwarya. Na tona da hannuna, laima han nan." Ya nuna gwiwar hannunsa. "Tsoho yac ce in gobe rana ta take ba a shuka ba, ƙasa ta sha abinta."

Wa ya san ran da wani ruwan zai sake zuwa, a shekara irin wannan? Na dubi babanku, shi kuma yana duban ƙasa. Inna Kulu ta fito daga ɗakinta, ta ji komai.

Ta ce, "Motag ga ita ag gonammu. Ba mu da wata. Mai gyara yac ce ka jira, ka jira. In ta mutu cikin daji, mi za mu ci? Ɗiyanka ƙasa za su ci?"

Ba ƙarya ta faɗa ba, kuma ina so ku riƙe wannan. Tsohuwa ce da ta ga yunwa tun tana yarinya, ta san abin da take tsoro. Babanku ya ce ko ya yarda ya tafi, na uku ba zai bar shi ya kai ba. A cikin rairayi da ƙaramar giya jiƙewa zai riƙa yi kowane ɗan taƙi, isansin da ke akwai kuwa bai isa a zubar a ƙasa ba, yaron motarsa ma ya tafi ci-rani. Ban san lokacin da magana ta fito daga bakina ba.

Na ce, "Ni ina bin ka da wuta."

Inna Kulu ta riƙe haɓa. Ta ce, "Macce bisa bayan mota, da tukunya, awa karen mota? Gaban duk mutanen Konni? 'Yan nan, in kinka hita zauren ga da wutag ga, to ni da wutakki sai wata rana."

Ban taɓa saɓa mata ba sai ran nan. Babanku ya durƙusa a gabanta ya ce ta gafarce shi, ya karɓi amana a gaban tsoho, ba ya iya kwana da buhunan nan a gidansa alhali ƙasa na bushewa. Ta zagayo bayana, ta kwance Balki daga goyo, ta saɓa ta a kafaɗa, ta shige ɗaki ta saki labule.

Na ɗauko wata tukunya ginin mahaifiyata mai kauri, na zuba rairayi a ƙasanta, na kwashe garwashin murhuna duka na zuba, na ƙara gawayi da busasshen kashin shanu yadda mata ke yi in za su kai wuta gona, na rufe da toka da murfi. Aka loda buhuna. Jarkar isansi tana gaba wurin Arzika, ni ina can ƙarshen baya, tukunya tsakanin ƙafafuna. Da muka bi ta bakin tasha direbobi suka yi ta ihu, wani ya ce Sani, wato babanku, ya samu sabon yaron mota mai ɗankwali. Na ja mayafi na rufe fuska, amma wallahi a ƙarƙashinsa ba kuka nake yi ba.

Muna da bujin canji guda ɗaya mai kyau, shi ne duk dabararmu. Ɗaya yana cikin inji, ɗaya yana wurina. Da mota ta fara ɗingishi babanku ya tsaya, ya kwance jiƙaƙƙen, in miƙa masa gasasshe, ya ɗaura, mu wuce. Ni kuma in gasa wancan muna cikin tafiya, mota na jijjiga ni, ina riƙe murfi da gwiwa, ina hura wuta da mafici. A nan yatsun nan biyu suka ƙone, waɗanda kuke tambaya me ya same su. Muka bar babbar hanya, muka shiga rairayi, muka wuce Bazaga rana ba ta daɗe da karkatawa ba. Ƙasa ta yi duhu da laima, ƙamshinta na shigowa har ƙarƙashin tanti. Babanku har waƙa ya fara.

A wata tsayawa bayan Bazaga, na uku ya jiƙe da wuri, nawa kuwa yanzu na fitar da shi daga garwashi, bai shiga toka ba. Na ce a ɗan dakata ya huce. Arzika ya zagayo baya yana ta rawar ƙafa, ya ga ƙarfe da zafi, ga kuma ruwa kwance a gefen hanya. Maƙeri ne, ba ya rabuwa da awartakinsa. Kafin in buɗe baki ya cafke bujin ya tsoma a ruwan, yadda yake yi wa kowace fartanya tun yana yaro. Muka ji cuu, sai kuma ƙas. Tangaran ya tsage daga sama har ƙasa.

Ya ce, "Ai ƙarhe na, Dije. Haka mukai mai."

Na ce, "Ƙarhe? Kai da gwaggonka ke gina tukwane ba ka san yumɓu ba? Allah wadan maƙerin da bai da ido!"

Na so in ƙara, don tsakanina da shi ba a jin nauyin baki. Sai na dube shi da kyau. Mutum ne da ya kwana yana tafiya da cikin da ba komai, yana sauri ne don 'ya'yansa. Na haɗiye sauran, na ce ya riƙe mini murfi. Daga nan tafiya ta canza, don ba sauran bujin canji. Duk tsayawa sai an kwance, na gasa, na binne, mu zauna muna kallon rana har ya huce, sannan a ɗaura.

A wata fadama kuma mota ta kafe. Muka sauka ni da Arzika muna turi, na ajiye tukunya a kan buhu na tokare ta. Da motar ta fizga ta fita, tukunyar ta gangaro ta kife cikin taɓo. Ba ta fashe ba, ginin mahaifiyata ne, amma ko ƙwayar garwashi ba ta rage ba. Muna haura tudu na uku ya yi shiru, motar ta ƙi hawa da ƙafa uku da wannan kaya. Ashanar babanku ta jiƙe a aljihu, kuma ko da ba ta jiƙe ba, duk itacen dajin ya sha ruwan jiya. La'asar ta yi. Babanku ya zauna a kan dutse ya dafe kai, ban taɓa ganinsa haka ba.

Ni na hango hayaƙin, siriri, a bayan wasu ƙayoyi. Bukkar Buzaye ce guda ɗaya, ba raƙumi, ba akuya, sai mace da yara. Arzika ya miƙe zai tafi, babanku ya riƙe shi, ya ce ba namiji a wurin, in suka ga baƙon ƙato ya nufo su a shekara irin wannan gudu za su yi. Ni kuwa na san abin da kowace mace ta sani, cewa wadda ta zo ɗibar wuta ba a tambayar ta daga ina take. Na sa bujin a bakin zane, na rungumi tukunyata, na tafi ni kaɗai. Na yi sallama daga nesa, na ɗaga tukunyar don ta gani.

Na ce, "Baiwar Allah, wuta nika biɗa."

Doguwa ce, idanunta sun faɗa. Anza take dafawa a kan 'yan itatuwan da ta ɓoye cikin bukka, yara sun kewaye tukunyar ba mai motsi. Kun san anza, in bai daɗe a wuta ba ɗacinsa ba ya fita. Ta dube ni, ta dubi motar can nesa. Na ce mata iri ne a ciki, mutanenmu na jira. Hausarta kaɗan ce, amma ta gane. Ta sauke tukunyarta daga kan duwatsu, ta sa hannu da wani ɗan ƙarfe ta kwaso tsakiyar wutar, inda ta fi ja, ta zuba mini. Abin da ta bar wa kanta bai kai rabi ba. Na kwance ƙullin gumbar da na yi mana guzuri na ajiye kusa da ƙaramin yaron, ita kuma ta yi kamar ba ta gani ba.

Ta ce, "Tahi. Rana na tahiya."

Na gaya mata sunan ƙauyenmu, na ce ta zo da kaka. Ba ta zo ba, ban sake ganin ta ba, ko sunanta ban sani ba. Har yau ina sa ta cikin addu'a.

Da wutarta muka hau tudun, da ita muka yi sauran tsayawar. Baƙin man da muka taho da shi ya ƙare ƙaf. Muna cikin wani fili, saura tafiyar da mai ƙafa da kaya ba zai gama ba kafin gobe da rana, sai na ji wani sabon sauti a gaba, ƙwas ƙwas ƙwas, kamar ana buga ƙofa. Babanku ya tsaya, bai kashe inji ba. Ya fito ya zagayo wurina. Ga maganar da kuke ta nema, ga ta yadda aka yi ta.

Ya ce, "Dije, kin jiya?"

Na ce, "Na jiya, Malam."

Ya ce, "In munka tsaya nan, tana gyaruwa. In munka wuce, ta tahi ke nan."

Na tuna Inna Kulu, na tuna Balki, na tuna ranar da ya shigo da motar nan yana ta murmushi. Na kuma tuna wuyan mahaifina. Na ce, "Tuƙa, Malam."

Ya dube ni, sai ya yi 'yar dariya. Ya ce, "Da kin ce in tsaya, da ban tsaya ba. So nike in ji ko mu biyu na." Ya shafa tantin motar, ya yi bisimilla, ya shiga.

Ta kai mu har gindin kukar da ke bakin gonakin ƙauyenmu. A nan ta yi wata ƙara guda ɗaya, ta yi tsit. Mutanen gari duk suna wurin tun safe, maza da sungumi a kafaɗa, mata da ƙore, an zuba wa hanya ido. Ba wanda ya yi guɗa, ba su da ƙarfinta. Suka sauke buhuna, mahaifina ya kwance bakin ɗaya, ya rarraba gida gida. Rana na gab da faɗuwa maza suka jeru suna sara, mata na bin su suna jefa iri suna takewa da diddige, ni ma na karɓi ƙwarya na shiga layi. Muka yi har duhu ya hana, da asuba aka koma, kafin rana ta take an rufe gonakin. Ban ga wanda ya kai ƙwaya ɗaya baki ba. Da muka gama Baba ya kama hannuna ya juya shi, ya ga ƙunar.

Ya ce, "Dije, kin cika ɗiya." Sannan ya juya wurin babanku, ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

A duk rayuwata ban taɓa jin girma irin na wannan lokaci ba, kuma ba na ɓoyewa.

Abin da ya biyo baya kun san shi, don a cikinsa kuka tashi. Zoben Sakkwato ya iso bai tarar da injin da za a sa masa ba. Motar ta zauna gindin kuka har kaji suka yi ƙwai a cikinta, daga baya aka sayar da ƙarfen. Babanku ya koma tuƙa babbar motar wani, Damagaram, Agadas, sai ya yi wata biyu ba mu gan shi ba. Shi ya sa kuka girma kuna ganinsa kamar baƙo, kuma wannan ya yi mini ciwo fiye da motar. Bai sake mallakar tasa ba har ya bar duniya, bai kuma taɓa buɗe baki ya ce ni na ja masa ba.

Inna Kulu kuwa ta cika maganarta. Ba ta zage ni ba, ba ta hana ni gaisuwa ba, in na gaishe ta takan amsa a gajarce. Amma kullum da asuba sai ta ɗauki kaskonta, ta wuce ta gaban murhuna, ta fita zaure, ta shiga gidan maƙwabta ɗibar wuta. Duk unguwa na gani. Ba abin da ke tona asirin gida kamar wannan, a ce tsohuwa ta tsallake wutar surukarta. A wurin maƙwabtan nan ne ta fara cewa ni na kashe motar ɗanta, daga can maganar ta zagayo har ta iso kunnenku. Na yi kuka a ɗaki ba sau ɗaya ba. Duk da haka kowace asuba sai na ja garwashi mai kyau gefe, na ajiye mata, ya mutu a wurin. Haka muka yi damina guda.

Allah ya ba da ruwa a shekarar. Da kaka, wata ranar Laraba, muka ji hayaniya a ƙofar gida. Arzika ne da raƙuman haya, an ɗoro dammunan hatsi, kowane gida na ƙauyenmu ya ba da nasa. Aka yi ta shigowa da su har tsakar gida ta cika. Ya ce tsoho ya ce a gaya wa Inna Kulu wannan na gonarta ne da ta mutu a gindin kuka. Ya kuma zaro tsagaggen bujin nan daga aljihu ya ba ni, wai in ajiye don in riƙa tuna cewa maƙera ma suna da ranarsu. Yana nan cikin adakata, in kun buɗe za ku gan shi. Inna Kulu ta fito ta zagaya dammunan, ta karya zangarniya ɗaya, ta murza a tafin hannu, ta hure, ta tauna. Sannan ta koma ɗaki.

Washegari bayan sallar asuba ina durƙushe ina hura wuta, na ji takunta. Ban ɗaga kai ba, na san wucewa za ta yi. Sai takun ya tsaya. Na ga ɗan kaskon nan ya sauko kusa da gwiwata.

Ta ce, "'Yan nan, wutakki na da rai?"

Na ce, "Tana da rai, Inna."

Ta ce, "To zuba min. Ta maƙwabta hayaƙi gare ta."

Na kwaso mata wanda na ajiye gefe. Ta tsaya tana kallon yatsuna biyun nan, ta daɗe tana kallo. Sannan ta gyara tsayuwa, ta ce jiya ta yi wani mafarki, bari ta gaya mini.